Bango na Huɗu na Ɗakin Inna Tumba

Ku samarin da kuke zuwa kuna ce mini, "Baba Ummaru, a koya mana gini," da ku nake. Na lura yawancinku kun ɗauka sana'ar nan ɗora bulo ce a kan bulo. Kun ga magini a tsaye da cokali, lebura yana miƙo masa kwaɓi, sai kuka ce ai wannan ko gobe. To ku zauna. Zan faɗa muku yadda na shiga aikin nan, da abin da na tarar a cikinsa, sannan in ba ku labarin wani aiki da muka yi a Gummi. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, domin ba na son magana a hargitse.

Ni mutumin Nasarawa Burkullu ne. Karatuna na boko bai wuce firamare ba. Da na gama, mahaifina ya kai ni Anka ya damƙa ni a hannun wani magini, Malam Ɗanjumma, Allah ya jiƙansa da rahama. Aikin farko da ya ba ni shi ne cuɗa ƙasa da ƙafa. A jiƙa jar ƙasa, a watsa mata busasshiyar ciyawa, ka shiga ka yi ta takawa har dugaduganka su tsage. Bayan wannan sai curin tubali. Bayan curi sai jifa: magini yana zaune a kan bango, kai kana ƙasa kana jefa masa tubali. In jifar ta karkace ba zai miƙa hannu ya tare ba. Zai bar shi ya faɗo ya fashe, ya dube ka, ka je ka ɗauko wani. Da aikin siminti ya yawaita sai aka ɗora mini kwanon sarki a ka. Na sha damina da rani a haka kafin ya yarda in taɓa cokali.

Akwai wani zaure a Anka da aka kira shi ya gyara. Bangon ya tsage daga sama har ƙasa, mai gidan kuma yana ta nuna masa tsagar yana cewa a cike ta kawai. Malam Ɗanjumma ya dubi tsagar sau ɗaya. Ya ce in biyo shi, muka fita, muka bi lungu muka zagaya baya. Ashe indararon maƙwabci ne yake zuba a gindin bangon duk damina. Nan ya juyo ya ce mini, "Wanda ya kira ka aiki gefen da yake zaune kawai ya sani. Ɗaya gefen kai za ka je ka duba. Kada in ƙara ganin ka taɓa bangon da ba ka zagaya ba." Ban taɓa bangon ba a ranar, amma haka yake faɗa, tun kafin ka yi laifin. Tun daga nan ban fara aiki ba sai na zagaya.

Kayan aikina ba su da yawa: cokali, da igiya, da guduma, da cizal na sassaƙar dutse, da filam, wato ma'aunin da ke nuna ko bango ya miƙe ko ya karkace. Kowanne ana wanke shi kafin a tashi. Cokalin da siminti ya kwana a kansa ya zama na raggo. Filam kuwa ba na ba da aronsa, ko ga ɗan'uwana, domin in ya faɗi sau ɗaya zai riƙa yi maka ƙarya ba ka sani ba.

Masu ba da aiki kuma sai haƙuri. Na yi wa wani gini a Bukkuyum, sai da muka zuba linta a saman ƙofa ta bushe ya zo ya ce ƙofar ta koma gabas. Akwai mai tsayawa a kanka yana cewa simintin ya yi yawa. Irin wannan ka gaya masa gaskiya sau ɗaya da ladabi, in ya ƙi ka tattara kayanka, domin ranar da bango ya faɗi sunanka za a kira, ba nasa ba. Kuma in gidan zama ne, ka nemi a tambayo matan gida inda suke so ruwa ya bi. Su ke sharar tsakar gidan.

Shekarar da ta fi kowace tsanani ita ce shekarar gubar dalma. Kun ji labarinta, wasunku ma sun rasa ƙanne. Mutane suna niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar ta shiga ƙasa, ta shiga cikin yara. Gini ya tsaya cik a yankinmu, babu mai tunanin ɗaki. Na ajiye cokali na ɗauki shebur, na shiga cikin waɗanda aka ɗauka aikin kankare ƙasar gidaje a Yargalma. A kwashe ta sama a fitar, a kawo mai tsabta a shimfiɗa. Wata ma'aikaciyar lafiya, Madam Rifkatu, mutuniyar Kudancin Kaduna, ita ta koya mana mu yayyafa ruwa kafin mu taɓa ƙasa, mu kuma wanke jiki mu sauya tufafi kafin mu shiga wurin iyali. Ba ta da wasa. In ta ga mutum ya sauke ƙyallen hancinsa, daga nesa za ta kira sunansa. Da wannan aikin na ciyar da gidana a shekarar, kuma har yau ba na rushe gini a bushe. Allah ya saka mata da alheri.

Yanzu ga aikin Gummi.

A tsakiyar gari akwai wani tsohon ofis mai dogon baranda, ginin dutse da ƙasa, an shafe shi da siminti. Tun ina yaro nake ganinsa. Kwanon ya yi tsatsa, silin ya zazzago, in ana ruwa ma'aikata sai su jera bokitai a kan tebur. Aka yanke shawarar a rushe shi a yi bene na zamani. Ɗan kwangilar wani Alhaji ne da na taɓa yi wa aiki, shi ya kira ni in shugabanci magina. Injiniyan kuma matashi ne daga Zuru, sunansa Ishaya, kullum da farar riga da hular kwano. Tsarin da aka yi shi ne mu cire kwano da katako da ƙofofi da hannu, sannan katafila ta zo ta ture bangaye. Ana sauri, domin zafi ya kai ƙarshe, hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma.

Ranar farko, kafin kowa ya hau tsani, na ce bari in zagaya. Gaba lafiya, gefe da gefe lafiya. Da na zo baya sai na ga babu hanya. Wani ɗan gida ne ya manne da bangon ofishin. Na bi ta lungu na sami ƙofarsa, na yi sallama.

"Wa ke nan?" aka ce daga ciki.

"Magini ne, Inna."

"Ban kira magini ba."

"Na ofis ne. Ina so in duba bango."

"To shigo ka duba, ba ya cizo."

Ita ce Inna Tumba, tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, ta girme ni nesa ba kusa ba. Gidan ɗaki ɗaya ne na soro da 'yar rumfar girki. Na shiga ɗakin na ɗaga kai. Rufin irin na da ne: azara a jere, an shimfiɗa zana a kansu, an zuba ƙasa mai kauri a sama. Na bi azarar da ido har ƙarshe, sai na ga duk kawunansu sun shige cikin bangon ofis. Ɗakin bango uku gare shi. Na huɗun na hukuma ne.

Wannan ba baƙon abu ba ne a garuruwanmu. Mutum ya ga katanga mai ƙarfi a tsaye, sai ya gina uku ya jingina, ya huda ya sa azararsa. Mijin Inna shi ne mai gadin ofishin a zamaninsa, shi ya yi haka, kuma waɗanda suka ba shi izini da baki duk sun riga mu gidan gaskiya. Ma'aikatan yanzu ba wanda ya taɓa leƙawa baya. In katafila ta taɓa wannan bango, rufin da ƙasarsa gaba ɗaya a kan gadon Inna zai sauka.

Na ce, "Inna, kin san za a rushe ofishin nan?"

"Awo, na ji. Su rushe abinsu, mi ya shahe ni?"

"Ɗakinki a jikinsa yake rataye."

"Yaro, tun ba ka yi gemu ba shina rataye nan."

"Ko akwai inda za ki koma?"

Ta ajiye ƙullin da take murzawa ta dube ni. "Ɗakin ga aka kawo ni. Ɗakin ga za a ɗauke ni. Ka hwaɗa ma wanda ya aiko ka."

Na koma na kira Alhaji da Injiniya, muka zo tare. Alhaji ya duba, ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "Ummaru, bangon nan na hukuma ne, kuma a cikin aikina yake. Katafila na hanya, daga nan wani gari za ta wuce, ba za ta jira ni ba. In damina ta same mu ba mu fita daga harsashi ba, ka san abin da zai biyo baya." Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ku riƙe wannan: ba kullum mai sauri ne mugu ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar mata wannan bangon kawai. A rushe sauran."

Injiniya Ishaya ya matso kusa. Ya karɓi cizal ɗina ya tsuguna a gindin bangon ya caka. Cizal ya shige kamar a cikin tuwo. Ya ce, "Baba Ummaru, duba nan. Damshi ya cinye ƙasan. Sauran bangayen ne suke riƙe da shi. In muka cire su, muka haƙa ramin harsashi a kusa, ba zai ga ƙarshen damina ba. Barinsa ya fi turewa haɗari, domin turewa mun san ranarta." Na tsuguna na caka da kaina. Haka ne. Ni na ga sama, shi ya ga ƙasa.

Inna tana bakin ƙofa tana jinmu. Ta ce, "Wanga mai hwarar riga, ɗan wa ne?"

"Injiniya ne, Inna."

"Kai angona, daga zuwa sai ka fara huda mani ɗaki? Ko goro ba ka kawo ba."

Ishaya ya yi dariya ya ce, "Amarya, ɗakin nake so in gyara kafin in tare."

"Ji shi. Da wanga wuyan kamar na zabo."

A nan tsaye muka tsara abin da za a yi. Za mu tokare rufin daga ciki. Mu gina mata sabon bango a cikin ɗakinta, dab da tsohon, a kan filinta. Mu sauke nauyin azara a kansa. Sannan mu sauke tsohon bangon da hannu. Alhaji ya ce, "Duwatsun baranda da katakon rufi ku ɗiba, dama zubarwa za a yi. Siminti ku ɗauka a sito. Amma ranar da katafila ta iso, ta iso." Ban nemi fiye da haka ba.

Ga yadda aka bi aikin, ku saurara da kyau. Da farko muka fitar da kayan Inna zuwa rumfa: gadon ƙarfe, da tukwane, da wani tsohon akwati. Ita ta ƙi matsawa daga tsakar gida, ta kafa kujerarta inda za ta riƙa ganin komai. Na biyu, muka samo gwafanni masu kauri, wato itatuwa masu baki biyu, muka gitta katako a ƙarƙashin azara, muka tokare shi da su. Kowace gwafa a kan falanki take tsaye, don kada ta nutse cikin daɓe. Ana buga mata ƙaramin itace a gindi a hankali har ta ɗauki nauyi. Ba a ɗaga rufin ƙasa, karɓarsa ake yi. In ka ɗaga shi ko kaɗan, ƙasar sama za ta tsage, ruwa ya sami hanya. Na uku, muka haƙa harsashi siriri da hannu, guntu-guntu, muna cikewa kafin mu buɗe na gaba, domin kada gindin tsohon bango ya rasa abin dafawa. Na huɗu, muka fara ɗora dutse. Ginin dutse ba ginin bulo ba ne. Kowane dutse sai ka juya shi ka nemo gefen da zai zauna.

Muna cikin haka katafila ta iso gari. Direban ya fara da gaban ofis, ana watsa ruwa yana turewa. Injiniya ya ja masa layi da farar ƙasa ya ce kada ya tsallake. Duk da haka, duk lokacin da wani bango ya faɗi, sai ƙasa ta zubo mana daga rufin Inna. Direban ya ce gobe da hantsi zai gama, ya wuce.

Da la'asar bangonmu ya kai ƙarƙashin azara. Saura mu yanke kowace daga jikin tsohon bango mu zaunar da ita a kan sabo, ɗaya bayan ɗaya. Na farkon suka tafi lafiya. Da muka zo ta tsakiya, wadda ta fi kowace ɗaukar nauyi, na sa zarto sai na ji babu komai a ciki. Gara ta cinye ta daga cikin bango, ta biyo ta har wajen kamu guda, fatar waje kawai ta rage. Kafin in buɗe baki ta yi ƙara ta lotsa. Gwafar da ke kusa ta zame. Rufin ya sauko kamar faɗin tafin hannu, ƙasa ta zubo mana a ka.

Leburori biyu suka yi waje da gudu, kuma ban ga laifinsu ba. Injiniya Ishaya yana kusa da katakon da muka gitta. Ya sa kafaɗa ya tare shi. Na ce, "Injiniya, fita!" Ya ce, "Baba, mayar da gwafar, magana daga baya!" Na rarumi gwafar na tsayar, na buga mata itace a gindi, na ƙwala wa kafintanmu kira ya kawo katako daga na rufin ofis. Muka zura shi a gefen ruɓaɓɓiyar azarar, daga bangon ɗaya gefen zuwa sabon, muka ƙara wata gwafa. Sai da na ga katakon ya karɓi nauyi na ce masa ya sauke kafaɗa. Farar rigar nan ta koma ja, kafaɗar ta kumbura.

Inna ta leƙo ta ƙofa. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ashe wuyan zabon na da amfani." Sannan ta juya ta ɗora ruwan zafi, ta sa shi ya zauna a kan turmi ta gasa masa kafaɗar da tsumma, tana yi tana masa faɗa a kan wanda ya ce ya shiga ƙarƙashin ƙasa da tufafin zuwa biki.

Sauran azarar muka bi su da ƙwanƙwasawa kafin zarto, duk wadda ta yi ƙarar fanko muka haɗa ta da katako. Kafin magariba rufin ya zauna a kan sabon bango. Washegari da sassafe muka hau tsohon bangon muka sauke shi da hannu, daga sama zuwa ƙasa, muna jefa duwatsun ta gefen ofis. Da direba ya tayar da katafila, tarkace kawai ya samu a wurin. Na hau soron na cike tsagar da ta buɗe, na shafe, na gyara bakin indararo ya kalli lungu. Aka yi wa bangon yaɓen siminti ciki da waje. Cikin satin nan ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, da iska. Da aka ɗauke na je na duba. Daɓen ɗakin a bushe yake.

Kada ku ɗauka an gode mana nan take. Ɗakin ya ragu da kaurin bango, gadon ƙarfe ya ƙi komawa inda yake tun zamanin mijinta, sai da muka juya shi. Ta yi kwanaki tana cewa mun sace mata ɗaki. Amma tun daga ranar har muka gama benen, babu ranar da ba ta aiko da ƙuli-ƙuli a kwano ba.

Benen ya ɗauke mu lokaci. Ginshiƙai, da rodi, da zuba kankaren bene, da shayar da shi ruwa safe da yamma har ya yi ƙarfi. A wurin Ishaya na koyi ɗaurin rodin bene yadda ya kamata, ina da furfura, kuma ban ji kunyar tambaya ba. Yau ginin yana nan, da gilasai da fanka da matakala, ma'aikata sun daina jera bokitai. Na gode wa Allah da ya sa hannuna a ciki. Na gode wa Malam Ɗanjumma da ya koya mini zagaye, da Alhaji da ya ce a ɗiba, da yaron nan na Zuru. Duk wanda zai koyi aiki a wurina a cikinku, wurin ginin nan zan fara kai shi, kuma ta lungu za mu shiga.

Ranar da muke kwashe kayan aiki, ni da Injiniya muka je yi wa Inna sallama. Tsakanin ɗakinta da sabon ginin yanzu akwai 'yar hanya da mutum zai iya wucewa. Ta fito da sandarta, ta bi hanyar, ta dafa bangon nata ta waje. Ta ɗaga kai ta kalli benen har sama, sannan ta ce, "Angona, in tambaye ka. Bangon ga, na hukuma ne ko nawa?"

Ishaya ya ce, "Naki ne, Inna. A kan filinki yake."

"Duka?"

"Duka, ciki da waje."

Ta buga sandar a ƙasa. "To ka hwaɗa ma mutanenku. Kar in ga sun jingina mani wanga dogon abu nasu a jikin bango."